Thunder ko Pacers? Ga nawa hasashen tun kafin a yanka rago

Jiya bayan isha'i muna zaune a teburin mai shayin layinmu nan Gyaɗi-Gyaɗi, hira biyu kawai ake yi, kuɗin rago da kuma dukan kawo wuƙa da PSG ta yi wa Inter ranar Asabar, 5-0 a fainal ɗin Champions League, wani ɗan Barca yana ta rantse-rantse wai da su ne suka je da ba haka ba, wani kuma yana ba da labarin yadda ya je kara ya taya rago aka faɗa masa kuɗi ya juyo ko sallama bai yi ba. Ni dai ina gefe da kofina ina danna waya sai ga mutumina mai gyaran waya a Farm Centre, ya ja benci ya zauna kusa da ni ya ce, "To malam masani, gobe ne fa, wa ka ba?" Fainal ɗin ƙwallon kwandon Amurka, NBA, na 2025 yake nufi, tsakanin Oklahoma City Thunder da Indiana Pacers. Mu biyu ne kacal a majalisar nan muke kallon ƙwallon kwando, sauran kallon marasa aikin yi suke mana, balle da suka ji wai ƙarfe ɗaya da rabi na dare ake fara wasan.

Na ce masa ba zan faɗa da baki ba, rubutawa zan yi, don na san halinsa kuma na san halina, in an gama kowa sai ya ce ai dama haka ya ce. Kuma kar wani ya kai ƙarata wajen malamai, ba mu sa ko sisi ba, abin da ke tsakaninmu tsiya ce kawai, wanda ya faɗi ƙasa zai sha ta har shekara ta zagayo.

Kafin in faɗi nawa gara in fara tona wa kaina asiri. Bana na ce Boston ce za ta sake ɗauka, New York ta kore su a zagaye na biyu, tauraronsu Tatum ma jijiyar dunduniyarsa ta tsinke ana cikin karawar. Na ce Lakers za su yi nisa tunda sun samu Luka Doncic ga kuma LeBron, Minnesota ta sallame su 4-1 tun a zagayen farko. Wanda ya fi ba ni kunya shi ne na Cleveland da Indiana, na bugi ƙirji na ce wasa biyar za a yi a gama, kuma wallahi wasa biyar ɗin aka yi, sai dai Cleveland ce ta tattara kayanta. Har yau mutumina in ya gan ni sai ya ɗaga yatsu biyar. To duk wanda zai karanta abin da ke ƙasa ya san da wa yake magana.

Ga wanda ba ya bin harkar, fainal ɗin NBA ba kamar na ƙwallon ƙafa ba ne da ake yi dare ɗaya a tashi. Wasa bakwai ake warewa, wanda ya riga cin huɗu shi ya ɗau kofi. Biyun farko a gidan wanda ya fi yawan nasara a sizin, wato Oklahoma City, biyu na gaba a Indiana, in ba a gama ba sai a dinga yi ɗaya nan ɗaya can, na bakwai ya dawo Oklahoma. Wannan tsarin shi ya sa hasashen kwando ya fi na ƙwallon ƙafa sauƙi a ka'ida, domin ƙaramin kulob zai iya yi maka bazata rana ɗaya, amma ya yi maka sau huɗu cikin sati biyu da 'yan kwanaki, kana kallon bidiyonsa kana gyara kuskurenka, wannan sai ya kasance da gaske ya fi ka ko kuma wani naka ya ji ciwo.

To a takarda dai babu wani dogon turanci. Thunder sun ci wasa 68 cikin 82, Pacers 50. Kafin su ƙungiya shida ce kawai a tarihin NBA ta taɓa cin 68 ko fiye, kuma huɗu a ciki sun ɗau kofin a shekarar, har da Chicago ta Michael Jordan sau biyu, 1996 da 1997. Tazarar makin da suke bai wa abokan karawa in aka raba, kusan 13 ne kowane wasa, babu wanda ya taɓa haka, sun goge tarihin da Lakers suka kafa tun 1972. Wasa 30 suka yi da ƙungiyoyin ɓangaren gabas, inda Indiana take, ɗaya tak suka faɗi. Indiana ɗin kanta sun haɗu sau biyu sun cinye ta duka biyun. Ga Shai Gilgeous-Alexander ɗan Kanada, gwarzon ɗan wasan bana, maki 32.7 kowane wasa, yaron da ba ya gudu ba ya tsalle-tsalle, tafiya yake kamar mai yanga a bakin titi, ya shigo ya tsaya cak ka wuce, ya ɗaga ya jefa daga tsaka-tsaki. Magoya bayan Minnesota har waƙa suka dinga yi masa wai ɗan kasuwar fawul ne, kuma gaskiya ni ma wani lokacin yana ba ni haushi yadda yake saƙala hannunsa a na mutum ya zube rafari ya hura, amma ko an cire jifan fawul ɗin gaba ɗaya abin da ya rage ya ishi wani ya zama tauraro.

Amma ni ba Shai ne yake ba ni tsoro a Thunder ba. Tsaronsu ne. Ban taɓa ganin ƙungiyar da take bin mai ƙwallo kamar yaran unguwa sun ga motar rabon kayan Sallah ba sai su. Lu Dort jiki kamar buhun masara, ya manne maka tun daga tsakiyar fili. Jalen Williams hannuwa zaƙo-zaƙo. Cason Wallace. Sai Alex Caruso da suka karɓo daga Chicago bara, mai sanƙo da ɗaurin goshi, in ka gan shi a hanya ka ce malamin lissafi ne, amma a wasa na bakwai da Denver shi aka ɗora wa Nikola Jokic tauraron Denver, mutumin da ya fi shi tsawo da kusan taƙi guda ya kuma fi shi nauyi nesa ba kusa ba, ya dinga shiga gabansa yana tsinke fas har Jokic ya rasa inda zai sa kansa, aka tashi 125-93. In ka tsallake waɗannan duka ka iso ƙarƙashin kwando sai ka tarar da Chet Holmgren siriri kamar sandar rake ya fi mita biyu da kusan taƙi guda, ko Hartenstein. Sun fi kowa ƙwace ƙwallo a sizin ɗin nan, kuma ƙwacen nan shi ne abincinsu, za ka ga ana kunnen doki ana kunnen doki, ka tashi ka ɗebo ruwa a randa ka dawo ka tarar sun ba da tazarar 15, duk daga ƙwace a ruga a zura.

Mutumina bai musa ko ɗaya ba. Abin da ya ce kawai, "Ka gama lissafin? To a wasannin fitar da gwani na bana nawa-nawa ne?" Kuma yana da gaskiya, Thunder sun ci 12 sun faɗi 4, Pacers ma sun ci 12 sun faɗi 4. Ya ce a Disamba Indiana tana da nasara 10 faɗuwa 15, kowa ya shafa musu fatiha, saboda haka wannan 50 ɗin da nake ta ambata ta haɗa da wata ƙungiya ce da yanzu babu ita. Ya ce Cleveland ma ai 64 suka ci, ina suke?

Nan fa zan ɗan tsaya, don abin da Indiana ta yi a watanni biyun nan ni da idona na gani kuma har yanzu ban gama yarda ba. Da Milwaukee a wasa na biyar ana binsu maki 7 saura daƙiƙa 40 a ƙarin lokaci, suka ci. Da Cleveland a wasa na biyu ana binsu 7 saura ƙasa da minti guda, tauraronsu Tyrese Haliburton ya ɓarar da jifan fawul ya bi ya cafe abarsa ya ja da baya ya jefa ta uku, wato ta nesa mai maki uku, suka ci. Sai na New York ranar 21 ga Mayu. Ina kwance a ɗakina na soro, an ɗauke wuta tun magariba, zafi kamar a gidan burodi, sauro na ta kiɗa a kunne, waya a jingine da filo tana maƙale da fawa bank. New York na gaba da 14 saura ƙasa da minti uku, na ce to bari in kashe in adana datata, har na kai yatsa sai Aaron Nesmith ya jefa ta uku, na ce bari in ga ɗaya, ya sake, ya sake, yaron nan sai da ya zura shida a kwatar ƙarshe kamar wanda aka buɗe wa famfo. Saura maki biyu, daƙiƙu na ƙarewa, Haliburton ya shiga ciki ya fasa ya dawo baya ya saki, ƙwallon ta daki bayan ƙarfen kwandon ta yi sama, sama sosai har ta fita daga hoton wayata, na ɗauka ta tafi kenan, sai kawai ta faɗo tsakiyar raga. Wallahi ban san sanda na kurma ihu ba. Shi kuma ya kama wuyansa da hannu biyu yana kallon 'yan New York, irin yadda Reggie Miller tsohon tauraron Indiana ya yi musu a 1994, ga Reggie ɗin a zaune bakin fili yana sharhi. Daga baya aka duba aka ga yatsan ƙafarsa ya taɓa layi, maki biyu ne ba uku ba, aka tafi ƙarin lokaci suka ci 138-135.

Ban ga farkon ƙarin lokacin ba, don ina ɗagowa na ga hasken tocila a ƙofa. Baba ne da sanda a hannu.

"Kai wane ne a nan? Lafiya?"

"Ni ne Baba, ƙwallo ce."

"Ƙwallo? Da tsakar daren nan ka tashi gida don ƙwallo? Allah ya shirye ka. Ka makara asuba ka gani."

Ban makara ba, don ban ma yi barcin ba.

To tambayar ita ce, wannan sa'a ce ko iyawa? Mutumina ya ce abin da ya faru sau uku ba a ce masa sa'a. Ni kuma na ce duka biyun ne. Iyawar ita ce Indiana gudu suke tun daga farko har ƙarshe, ko an zura musu ba sa tsayawa jimami, kafin ka juyo sun fito da ƙwallo sun kai ɗaya ɓangaren, kuma kocinsu Rick Carlisle mutum goma yake juyawa, su T.J. McConnell ɗan tsurut da ba ya gajiya, Obi Toppin, Mathurin, shi ya sa a mintunan ƙarshe ƙafafun abokan karawa sun mutu su kuma nasu da saura. New York kuwa mutum biyar zuwa bakwai suke ta tatsa duk shekara, dole su sheme. Sa'ar kuma ita ce Lillard na Milwaukee ya tsinke jijiya a karawarsu, Cleveland ta buga wancan wasa na biyun babu Garland babu Mobley babu Hunter, kuma ƙwallon da ta daki ƙarfe ta yi sama ta faɗo ciki, ko Haliburton ɗin ka tasa da rantsuwa ba zai ce ya auna haka ba.

Matsalar da nake hango musu ita ce duk abin da suke taƙama da shi Thunder ma suna da shi. Gudu? Yaran Oklahoma sun fi su ƙuruciya. Benci? Su ma goma suke sakawa ba tare da an ga rami ba. Ba za ka gajiyar da wanda ya fi ka numfashi ba, karen bana shi ke maganin zomon bana.

Inda wasan zai rabu a ganina wuri ɗaya ne, kuma in kana kallo ka manta da yawan makin Shai, ka sa ido a nan: sau nawa Indiana za ta ɓarar da ƙwallo. Su mutane ne masu yawan fas, ƙwallo ba ta daɗewa a hannun kowa, amma duk da haka ba sa yawan zubar da ita, kuma sirrin Haliburton ne. A wasa na huɗu da New York ya ci maki 32, ya ba da fas 15 da aka ci, ya cafe 12 daga kwando, bai ɓarar ko sau ɗaya ba. Wannan fa shi ne yaron da 'yan wasa 'yan uwansa suka zaɓa a wata ƙuri'ar sirri a matsayin wanda aka fi zuzutawa fiye da iyawarsa, ga shi yau yana fainal su suna gida suna kallo a talabijin. To ga mai riƙon amana ga kuma ƙungiyar 'yan ƙwace. In Haliburton ya iya tsallaka tsakiyar fili da Dort a wuyansa, sannan Caruso ya karɓe shi, sannan Wallace, minti 38 ko 40, kuma fas ɗinsa na tsalle da yake yi a iska bai faɗa hannun Williams ba, to za a yi wasa. In kuwa suka shaƙe shi ya koma irin ranakun nan nasa da yake gama wasa da maki 8 yana ta miƙa wa wasu, an gama. Kuma yana da irin ranakun nan, wasa na biyar da New York haka ya yi. Andrew Nembhard zai iya ɗaukar wani nauyin, amma shi ne kuma ake sa ran zai bi Shai, abokinsa a tawagar Kanada, ga Nesmith ya gurɗe idon sawu a karawar New York. Mutum ɗaya ba zai yi dakan ba ya yi tankaɗe.

Wani abin dariya a fainal ɗin nan, duka ƙungiyoyin biyu da mutum ɗaya aka gina su, kuma ba ya cikin kowacce. Paul George. A 2017 Indiana ta sayar da shi ga Oklahoma ta karɓi Oladipo da Sabonis, a 2022 ta miƙa Sabonis ga Sacramento ta karɓo Haliburton. Ita kuma Oklahoma a 2019 ta tura George ɗin Clippers ta karɓi Shai yana ɗan shekara ɗaya a NBA, da tulin damar zaɓen sababbin 'yan wasa, a ciki ta zaɓo Jalen Williams a 2022. Ko a Kantin Kwari aka yi wannan cinikin sai an daɗe ana labarinsa.

Yanzu bari in faɗi inda zuciyata take, don kai daban zuciya daban. Zuciyata tana wajen Pascal Siakam. Ɗan Douala ne nan Kamaru maƙwabta, makarantar horar da limaman coci aka sa shi yana yaro, bai kama kwando da gaske ba sai da ya zama saurayi, kuma wanda ya yarda da shi ya ɗauke shi a lamba ta 27 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2016 shi ne Masai Ujiri, shugaban Toronto a lokacin, wanda ya tashi a Zariya, nan da awa biyu da 'yan mintuna a mota. Tare suka ɗau kofi a Toronto a 2019, a wasan farko na wancan fainal ɗin Siakam ya ci 32 a kan Golden State. Janairun 2024 ya koma Indiana, bana kuma shi aka ba kyautar gwarzon fainal ɗin gabas, 39 ya zura wa New York a gidansu a wasa na biyu, 31 a na shida. Mu da muka taso muna jin labarin Hakeem Olajuwon ɗan Legas da kofunansa biyu a Houston, 1994 da 1995, muka kuma ga Giannis na Milwaukee, ɗan asalin Najeriya, ya ci 50 a daren da ya ɗau nasa a 2021, duk inda ɗan Afirka yake can muke. Ni kaina wani yayana ɗan kawunmu ne ya fara jana zuwa ɗakin wasa na filin Sani Abacha a Ƙofar Mata kallon Kano Pillars ta kwando, mutane da yawa a garin nan ba su ma san Pillars tana da ƙungiyar kwando ba balle su san ta sha ɗaukar kofin ƙasa, ƙarar takalma a kan daɓe da yadda dogayen nan suke rataya a ƙarfe shi ya kama ni har yau. Kuma ta fuskar wasa ma Siakam ne ciwon kan Thunder, domin masu tsaronsu na waje gajeru ne a kansa, dogayen kuma ya fi su sauri, in ya juya bayansa ya yi wannan katantanwar tasa sai dai fawul.

Da na faɗi haka sai mutumina ya samu ƙofa, ya fara jero min tarihi. 2004 kowa ya ba Lakers mai Shaq da Kobe, Detroit ta cinye su 4-1. 2016 Golden State ta ci 73, tana gaba 3-1 a fainal, LeBron ya dawo ya ƙwace. Sai ya ajiye babbar, 2011, Miami ta LeBron da Wade da Bosh, Dallas ta Dirk Nowitzki ta doke su 4-2, "kuma wa ye kocin Dallas a lokacin, malam masani?" Carlisle ne, wannan dai na Indiana, yanzu yana da shekara 65, na Thunder kuwa Mark Daigneault 40, bai taɓa zuwa fainal ba. Ya ƙara da cewa yaran Oklahoma in ban da Caruso da ya ɗauka da Lakers a 2020 ba su san zafin wannan dandalin ba, kuma an ga yadda suka rikice a wasan farko da Denver har Aaron Gordon ya jefa musu ta uku a ƙarshe, an ga Minnesota ta yi musu 143-101, an ga Milwaukee ta shanye su a fainal ɗin ƙaramin kofi a Las Vegas a Disamba.

Duk gaskiya ne. Amma ka duba me ya biyo bayan kowace faɗuwa. Denver ta ci su da maki biyu, wasa na gaba suka rama 149-106. Minnesota ta wulaƙanta su, suka ci biyu a jere suka rufe shafin. A wasannin fitar da gwanin bana ba su faɗi sau biyu a jere ba, a gidansu kuma 8 suka ci cikin 9. Sannan misalan nan uku da ya kawo ai shi ya sa ake tuna su, don ba kasafai suke faruwa ba, shekarun da babba ya cinye ƙarami ba wanda yake ba da labarinsu a teburin mai shayi. Na yarda Carlisle zai zo da wata dabara, tsohon hannu ne, zai iya sa tsaron yanki ya rufe tsakiya ya ce su Dort da Caruso su jefa daga nesa in sun isa, kuma akwai daren da Thunder suke jifa kamar an ɗaure musu hannu. Irin wannan daren Indiana za ta ci. Akwai kuma daren da su Nesmith da Myles Turner za su zura ta uku goma sha bakwai ko sha takwas, shi ma za su ci, balle a gidansu da rabonsu da ganin fainal tun 2000 da Lakers ta doke su 4-2, garin da ƙwallon kwando take kamar yadda Pillars take a Sabon Gari ranar wasa. Dare biyu kenan na ba su. Na uku da na huɗu ne na duba na duba ban ga inda za su fito ba.

Saboda haka ga shi a rubuce, yau Alhamis 5 ga Yuni 2025, ranar Arfa, da azumi a bakina ba zan yi ƙarya ba: Oklahoma City Thunder 4, Indiana Pacers 2. Shai ne zai ɗau kyautar gwarzon fainal. Siakam zai fi Haliburton yawan maki a karawar. Kuma aƙalla wasa ɗaya Thunder za su ci da tazarar 20 ko fiye, wanda zan yi da-na-sanin datar da na ƙona a kansa. In haka ta faru shi ne kofinsu na farko tun da suka koma Oklahoma a 2008, wancan na 1979 a Seattle aka ɗauka da sunan SuperSonics, su Durant da Westbrook da Harden sun zo bakin ƙofa a 2012 Miami ta mayar da su 4-1. In kuma Indiana ce, shi ne na farkonsu a NBA gaba ɗaya. Ko wa ya ɗauka dai shekara bakwai kenan a jere ana samun sabon zakara, Toronto, Lakers, Milwaukee, Golden State, Denver, Boston, sai na bana.

Mutumina ya ce Pacers a wasa bakwai, kuma wai yau ɗin nan za su fara sace na farko a Oklahoma kamar yadda suka yi wa Cleveland da New York. Na ce masa in hakan ta faru kar ya kira ni, ya ce a'a ba zai kira ba, a filin idi zai same ni.

Wanda ya tsara jadawalin nan dai bai san da mu ba. Ƙarfe ɗaya da rabi na daren yau za a fara, kafin a gama da hutun talla da komai huɗu ta yi, ga asuba, ga wanka da sababbin kaya, ga idi, kuma Baba ya riga ya sanar tun shekaranjiya cewa bana ni zan riƙe ragon ni da ƙanina kuma mu za mu yi fiɗa, ya ce ya gaji da biyan mahauta suna tafiya da rabin kayan ciki. Hajiya ma ta ce in an sha ruwa in je in karɓo mata niƙan kayan miya da gawayi buhu ɗaya kafin layi ya yi tsawo. Na kai fawa bank ɗina caji shagon mai sola tun safe, na sayi data, na nemo iyafis ɗin da kunne ɗaya ne kawai yake yi. Ragon kuma an ɗaure shi daidai bakin tagar ɗakina, tun jiya yake kuka, in Haliburton ya sake yin irin tasa na yi ihu zan ce shi ne.